Ɗakin da Babu Kiyashi

Kwana goma sha biyu da haihuwa, farin idon yaron ya sake komawa ruwan ɗorawa. Halimatu Sadiya ce ta fara gani, da hantsi, lokacin da aka ɗage labule don hayaƙin turare ya fita. Ta gani, ta kau da kai. Ɗanta ne na fari, kuma tsofaffi biyu na zaune a ɗakin.

A gidansu a Shira, mace ba ta ƙura wa ɗan farinta ido a gaban manya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce mata ta ɗauka sau biyu kafin ta miƙa hannu. Haka ta tashi ta gani. Uwarta ta rasu tun tana sakandare, don haka ba ta tafi gida wanka ba, wankan ne ya biyo ta Azare. Goggo Larai, ƙanwar babanta, ta zo da ƙullin kanwa da nata ludayin, ta shimfiɗa tabarma a bakin gado ta ce sai an yi arba'in.

Ɗaya tsohuwar Ya Gana ce, uwar mijinta Khalil. Babarbariya ce, shekara ashirin da barinsu Borno, kuma rabin amaren unguwar a wurinta suke sayen turaren wuta da humra. Ɗakinta na kallon na Sadiya, amma tun ranar haihuwa barci kawai ke mai da ita can.

Ciwon shawara ya fara kama yaron yana da kwana uku. Kwana huɗu suka yi a asibiti, shi tsirara ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido, ita a kan benci da ɗinki a jiki, tana tatsa a kofi ana ba shi. A can labari ya same ta cewa an raɗa masa Uzairu. Naman ragon sunan a kula aka kawo mata, ya yi sanyi, ta ci tsoka biyu. Da aka sallame su ya yi fes, jajir, yana kama nono kamar zai cire.

Kwana biyar ke nan da dawowarsu. Kullum abu ɗaya. Da asuba Goggo ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mata har fatar bayanta ta daina jin zafi. Kunun kanwa kofi biyu. Mata masu barka, kowacce da nata maganin. Da la'asar a sake wankan. Tsakanin wannan da wancan, sai yaron, sai wankin zannuwan da ba sa bushewa saboda damina. Sadiya ta kai inda in ta rufe ido a zaune ba ta san ko barci ta yi ba ko suma.

Tun jiya ya rage tsotso. Ya ja sau biyu ya saki, ya koma barci. Ƙirjinta ya yi tauri kamar an cusa duwatsu.

"Kin ga angon nawa," in ji Ya Gana, tana gyara masa hula. "Ba kuka, ba fitina. Jinin Barebari ke nan, sarauta."

"Sarautar me?" in ji Goggo. "Hayaƙinki ne ya bugar da shi. Mutum ya shigo ɗakin nan sai ya laluba kafin ya ga gado."

"Gara hayaƙina da warin man shanunki. Tun da kika zo kudajen unguwa suka yi ƙaura zuwa gidan nan."

"Su ma sun san abin arziki."

Haka suke tun ranar da suka haɗu, Bafillatana da Babarbariya, ba wadda ke barin ta kwana. A da Sadiya kan yi dariya a ɓoye. Yau ta zauna tana kallon ƙafarta, tana lissafin rabon yaron da jiƙa famfas. Tun asuba ɗaya ne, shi ma kamar ruwan shayi. Khalil ya tafi Dambam kai taki tun sassafe. Ta ce a ranta in ya dawo ta gaya masa a ɗaki, shi ya gaya musu.

Bayan azahar Goggo ta ɗauki yaron za ta shafa masa mai, ta tsaya. Ta kai shi bakin ƙofa, ta danna masa hanci da ɗan yatsa, ta ɗage.

"Ya Gana, zo ki gani. Abin nan ya dawo."

Ya Gana ta zo ta duba, ta buɗe masa baki ta ga dasashi. Ba ta yi wasa ba wannan karon.

"Kwana huɗu fa suka gasa shi da fitila."

"Fitila ta kashe na waje. In ta baki yake shiga fa?" Goggo ta juyo. "Ke Sadiya, nonon nan sai an gwada shi."

Sadiya ta san gwajin. A tatsa a ludayi, a jefa kiyashi. In ya yi iyo ya fita, nono lafiya lau. In ya mutu a ciki, nono ya ɓaci, sai a janye yaro kwana uku ko bakwai, a ba shi na akuya, uwa ta yi ta shan jiƙo har a wanke shi.

"Uwarki ma sai da aka wanke mata a kanki," in ji Goggo. "Ba abin kunya ba ne. Juya ki tatsa."

A asibiti wannan nonon ya sha, a kofi, ya kuma warke. Maganar ta zo wa Sadiya har baki. Ta haɗiye ta, ta karɓi ludayin, ta juya ta fuskanci bango. Zafin tatsar ya sa mata ƙwalla. Ta miƙa ludayin ba ta waiwayo ba.

Goggo ta ajiye shi a ƙasa, ta durƙusa neman kiyashi. Ta bi gindin bango da ido. Ta ɗaga tabarma. Ta ja bokitin zannuwa, ta leƙa bayan kwanukan jere, ta duba ƙarƙashin kofin kunun da aka bari tun safe da sauran sukari a gindinsa. Ko ɗaya.

"Ikon Allah. Damina guda, ɗakin maijego, a ce babu kiyashi?"

Ya Gana ta ɗan saki fuska. "Ki nema har magariba, Bafillatana. Ɗakin da na gyara?"

"To me kika yi musu, tofi?"

"Kuna asibiti na shigo shara, na tarar sun yi layi daga ƙofa har kan katifa, suna bin zanen da nono ya zuba. Na ce jikana za a kawo wa wannan? Na aika aka sayo min kafur leda biyu. Kusurwa huɗu na sa, da ƙarƙashin katifa, da cikin matashi. Sauran na daka na barbaɗa a ninkin kayansa. Dama kayan tun cikin yana wata biyar suna akwatina na ƙarfe, ko kyankyaso bai isa ya leƙa ba."

"Sai ki sa ni fita cikin caɓi," in ji Goggo. Ta miƙe da ƙyar, ta nufi wajen murhu.

Sadiya ba ta motsa ba. Warin yana nan, tun dawowarsu yana nan, ƙarƙashin turaren wuta da tururin darbejiya. Warin kayan da aka adana da kyau, warin akwatin kowace tsohuwa. Ba ta taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Sai ranar farko a asibiti ta dawo mata. Sista da takarda a hannu, tana jero wa Khalil tambayoyi da sauri. An sa masa lalle? An shafa masa man zafi? An ba shi jiƙo? Akwai kafur a kayansa? Wasu yaran, musamman maza, jininsu ba ya jure shi, ko shaƙa suka yi sai ya dinga fashewa. Khalil ya ce a'a, kayan sababbi ne, shi ya sayo su a ledarsu. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Ita tana tsaye a bayansa, ta san inda kayan suka yi wata huɗu. Amma Goggo na gefenta riƙe da yaron, kuma wace ce za ta tsallake mijinta ta yi magana a kan ɗan fari? Goggo kuwa in ma'aikacin asibiti na magana, kunnenta hutu yake tafiya. Sadiya ta ce a ranta ta gaya masa daga baya. Daga baya aka shiga neman jijiya, da benci, da kwana huɗu ba barci, maganar ta bi ruwa.

Ta tashi. Ta ɗauki yaron daga kan gado ba wanda ya ce ta ɗauka. Ta cire masa hula, ta cire safa, ta zare rigar sanyi da ta ciki. Da ta warware shawul ɗin, wani farin gari ya zubo a cinyarta.

"Ke lafiya?" in ji Ya Gana. "Iska za ki sa masa?"

"Hajiya, kafur ɗin ne."

"Me?"

"Shi ke kawo masa shawarar. Sista ta tambaya ranar da muka je. Ni ce ban yi magana ba."

Ya Gana ta dube ta kamar ta yi wani yare. "'Yar nan, 'ya'ya bakwai na raina da kafur."

"Ba kowane yaro ba ne, Hajiya. Wasu ne."

Ba ta jira amsa ba. Duk abin da ta taɓa a ɗakin warin ne, zane, tawul, har hijabinta. Ta fita tsakar gida da yaron tsirara a ƙirji, ta fizgo zanen wankanta daga igiya, da sauran danshi, ta naɗe shi. Ta ɗauki hijabin sallar Goggo da ke rataye a ƙusa.

Goggo ta taso daga murhu, hannu a dunƙule. "Ga su, uku na samo. Ina kuma za ki? Ruwa ya kusa tafasa."

"Asibiti."

"Maijego ta tsallake wanka? So kike jikinki ya ruɓe? A gwada tukuna, in ya so gobe in Khalil..."

"Goggo, Uzairu bai sha nono ba tun asuba."

Sunan ya faɗo a tsakar gidan, kowa ya ji shi. Ya Gana ce ta fito daga ɗaki da mayafi a hannu, ta wuce su ta buɗe ƙofar gida, ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa napep hannu. Da suka shiga za ta zauna kusa da Sadiya, sai ta shinshina mayafinta, ta koma can ƙarshen kujera.

A hanya Sadiya ta kira Khalil. Ta gaya masa a jimla uku. Ya ce ga shi nan.

Sistar da suka tarar ba waccan ba ce. Ta dubi tafin ƙafar yaron, ta karɓe shi ba ta tsaya rubutu ba. Aka ɗebi jini. Likitan, wani siriri mai tabarau, ya fito da sakamakon kafin la'asar ta wuce. Ya ce fitila kaɗai ba za ta isa ba wannan karon, sai an canza masa jini, a zare nasa kaɗan-kaɗan ta cibiya a mayar da wani. Khalil ya iso da ƙurar taki a riga, aka gwada nasa, ya yi daidai, aka shiga da shi.

Suka zauna a benci su uku. Dama Goggo ta biyo su a acaɓa da kular kunu.

"Na dai gwada," in ji ta, bayan wani lokaci. "Da kuka fita."

Ba wadda ta tambaye ta.

"Biyu sun fita. Ɗaya ya tsaya a tsakiya yana juyi, na gaji na cire shi."

Likitan ya dawo ya yi musu bayani a tsaye. Ba nono ba ne, ta ci gaba da tatsa duk awa biyu. Yanayin jinin yaron ne, haka aka halicce shi, kuma haka zai zauna. Ban da kafur, ban da lalle, ban da wasu magunguna da zai rubuta musu, har girmansa. Ya ce yawanci ta wajen uwa namiji ke gadonsa.

"To," in ji Goggo. "Ai na ce daga gare ki ne."

Sadiya ba ta da ƙarfin dariya ko na fushi. Ta jingina kai da bango.

Likitan ya juya zai tafi, Ya Gana ta tsai da shi. "Likita. In ba a canza jinin ba fa?"

"Wasu sukan tashi da lalura. Wasu ba sa tashi."

Ta gyaɗa kai. Da ya tafi ta zauna tana murza bakin mayafinta.

"Akwai wan Khalil," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Kafin mu baro gida. Haka ya yi, kamar an shafa masa kurkur. Kwana tara ya yi a duniya. Aka ce nonona ne, wata biyu ina shan ɗaci." Ta saki bakin mayafin. "Akwatin nan dai shi ne na kayansa."

Goggo ta buɗe kula ta zuba kunu a murfi, ta miƙa mata. "Sha, Babarbariya. Ba ki sani ba, ba mu sani ba."

Ya Gana ta karɓa ta riƙe har ya huce.

Kwana shida suka yi. Sadiya ta koma kan bencinta, ta koma kofinta. Goggo ta shawo kan wata mai shara ta dinga samo mata ruwan zafi a bokiti, tana yi mata wankan a bayan ɗakin masu jinya, rabi-rabi, tana mita. Ranar ta uku yaron ya kama nono ya ja har ya ƙware. Ranar ta shida aka sallame su.

Likitan ya tsai da ita da Khalil a ƙofa. Ya ce shawarar ta hau sosai kafin su zo. Wani lokaci takan taɓa kunne. Yanzu ba za a iya cewa komai ba, su dawo in ya cika wata uku a gwada jinsa. Ya Gana na tsaye a bayansu da jakar kaya. Wannan karon kowa ya ji.

Ɗakin da suka dawo ba shi suka bari ba. An fitar da katifa da matasai, an wanke ƙasa da bango har siminti ya yi fari. Sabuwar katifa ko ledarta ba a gama cirewa ba. Ƙafafun gadon huɗu kowacce a cikin gwangwanin ruwa saboda kiyashi. Kayan yaron duk an rabar da su ga masu manyan yara, an sayo wasu kala uku kacal. Babu kasko, babu hayaƙi. Ya Gana ta kwashe sana'arta kaf ta kai gidan 'yarta a wata unguwa, akwatin ƙarfen ma ya bi su. In za ta shigo sai ta yi wanka ta sa wani zane da ta ware, wanda ba ya warin komai. Ta daina ce masa ango. Takan zauna a bakin ƙofa ta yi ta kallon sa.

Sauran kwanakin suka ci gaba yadda suke. Wanka da asuba, wanka da la'asar. Duk safiya Sadiya ta kai shi bakin ƙofa ta buɗe idonsa a hasken rana, ko wa ke ɗakin. Goggo takan dubi rufi. Yanzu yana kuka, kuka sosai, ciki na murɗa masa, ba ya yarda a ajiye shi. Masu barka suka ce yaron ya yi fitina. Sadiya ta rame har zoben hannunta na zamewa.

Ranar da ya cika kwana ashirin da biyar, tun hantsi yake tsala ihu. Ta ba shi nono, ta saɓa shi a kafaɗa, ta zaga ɗaki da shi har ƙafarta ta yi nauyi. Sai bayan azahar ya yi laushi. Ta kwantar da shi a hankali, ta zare hannunta kamar mai zare ƙaya, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Idonta ya rufe.

Ƙarar ta tashe ta kamar an harba bindiga. Murfin tukunyar silba ne ke juyi a kan siminti, dab da ƙafar gado. Yaron ya zabura, hannuwa biyu a sama, ya ɓare baki.

Ya Gana na tsaye a kansa, ta sunkuya tana kallon fuskarsa.

"Suɓuce min ya yi," in ji ta.

"Hajiya, yanzu fa ya yi barci."

"Kin ga yadda ya firgita? Kin gani?"

"Na gani. Jiya ma na gani da faranti. Shekaranjiya da bokiti."

"Kunnen wannan gefen ban gwada ba."

Daga tsakar gida Goggo ta ɗaga murya. "Ki bar mana murfi ɗaya mai rai, Babarbariya, da shi nake rufe ruwan wanka!"

Ya Gana ta ɗauki murfin ta goge shi da bakin zane, ta fita. Sadiya ta dafa gado ta miƙe. Ta ɗauki yaron ta saɓa a kafaɗa, ta fara zagawa daga ƙofa zuwa taga.